Wasan Barebari a Jebel Ali

Ba wanda ya yi dariya sai mutum ɗaya, shi ma sau ɗaya ya yi ta, ya haɗiye sauran. A nan na fara sanin akwai matsala. Ina tsaye riƙe da butar shayi a ɗan ɗakin da muke cin abincin rana a bayan sito, bakina ma bai gama rufuwa daga maganar da na yi ba, ina jiran a rama mini kamar yadda ake yi a gida. Sai na ga Mista Besnik ya ajiye kofinsa a hankali, irin ajiyewar da ake yi wa ƙwai. Wuyansa da kunnuwansa suka yi jajir, sannan jan ya gushe gaba ɗaya, ya koma fari fat. Bai dube ni ba. Mista Zoran yake kallo, wanda ya yi dariyar. Na'urar sanyaya ɗakin tana ta gurnaninta, amma ni gumi na ji yana bin bayana.

Ummi, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake yanzu ko sunanki ba ki iya rubutawa ba. A unguwar nan za ki girma, kuma dole ki ji abin da ake faɗa: wai an kama uwarki a Dubai, wai ta kwana a gidan yari, wai koro ta aka yi. Ko kwanan nan a gidan suna wata ta matso ta tambaye ni cikin raɗa ko gaskiya ne ana aske wa mata kai a can. Ban kwana a hannun kowa ba, kuma da ƙafata na dawo da kwantiragina ya ƙare. Amma ba zan ce miki ba a yi komai ba, don har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in tsaya cak in kasa kunne. Kafin ki gane abin da na faɗa a ɗakin nan, sai kin fara sanin gidan da na tashi.

Kin san kakanki Babarbare ne, Inna kuma Bafulatana. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin Kawu Buba, yayan Inna, ya shigo gidanmu da sallama kawai ba. Tun daga zaure zai ɗaga murya:

"Ina bawan nan nawa mai zane a fuska? Har yanzu bai koma Borno ba?"

Baba kuwa yana kan tabarmarsa, ko kai ba zai ɗago ba, sai ya ce:

"A ɓoye ƙwaryar nono, ga ɗan daji ya shigo gari. Buba, wa ka bar wa shanun mutane?"

"Tattara komatsanka ka koma inda ka fito. Ƙasar nan tamu ce."

"Taku? Muna da fada da alƙalai kuna bin bayan saniya. Daga ina ma kuka fito? Kowane Bafulatani ka tambaya da tasa amsar."

"Ku da kuka ce daga Yaman kuke fa? A ƙasa kuka tako, ko jakin wani kuka sato?"

Inna tana madafa tana taya yayanta, mu yara muna raba ƙafa, yau mu bi wannan gobe mu bi wancan. Bayan an gama sai su sa hannu a kwano ɗaya. Da Baba ya kwanta asibiti, Kawu Buba ne ya tare a gefen gadonsa, yana gaya wa ma'aikatan su kula masa da bawansa, don ba shi da wani. To a haka na tashi. Abin da na sani a duniya shi ne, in ka ga mutum biyu kullum suna jayayya a kan asali, wa ya riga wa, wane ne baƙo, kuma kullum suna cin abinci tare, to abokan wasa ne. Na uku ma yana iya shiga ya taya wannan, ya juyo ya taya wancan. Wanda ya ji haushi shi ne mara tarbiyya.

Bayan rabuwata da mahaifinki, Alhaji Sani, abokin Baba mai sayo kaya daga Dubai, ya ce kamfanin jigilar kayan da ke yi masa lodin kwantena a Jebel Ali, tashar jiragen ruwan Dubai, yana neman mai jin Hausa da Turanci, saboda 'yan kasuwarmu sun yi musu yawa kuma ba a fahimtar juna. Turancin sakandare gare ni, amma ya isa. Na bar ki wajen Inna na tafi. Aikina in tsaya a sito in ga kayan kowane Alhaji sun shiga kwantenar da ta dace, in amsa wayarsu, in sha faɗansu in jirgi ya yi latti. A unguwar Al Nahda nake kwana, ɗaki ɗaya da Anti Memuna, wata 'yar Zangon Kumasi mai aikin wanki da guga a otal. Ta girme ni sosai, ita ta zame mini uwa a can.

A siton akwai Turawa biyu. Mista Zoran mutumin Sabiya ne, shi ke gyaran kwantenoni masu sanyi, dogo mai ƙaton ciki da son surutu. Mista Besnik kuwa Albaniyawa ne mutanensa, daga Kosovo, shi ke kula da motocin ɗaga kaya da direbobinsu. Ba ya da yawan magana, amma in ya ga na yi latti da safe yakan ajiye mini burodi. Ya ce mini danginsa Musulmi ne, yana yi mini sallama da irin nasu lafazin. Su biyun tsakaninsu Sabiyanci suke yi, don Besnik ya iya, amma in muna wurin sai su juya Turanci don mu ji mu yi alƙalanci. Kuma maganar ɗaya ce kullum, da zarar an buɗe kwanon abinci. Zoran zai nuna Besnik da cokali ya ce:

"Rabi, tambaye shi ina takardar da ta ambaci mutanensa a zamanin da. Shiru ne, shekaru aru-aru ba labarinsu. Mu cocinanmu suna nan tsaye a Kosovo tun kafin Turkawa su zo, da zanen sarakunanmu a bango. Su kuwa a kan duwatsu suke da awaki, sai da Turkawa suka buɗe musu hanya suka gangaro."

Besnik zai gama tauna abin da ke bakinsa tukuna.

"Mai gida ba ya rubuta cewa yana gidansa. Baƙo ne ke rubuta ranar da ya iso. Mu jikokin Iliriyawa ne, muna nan Rumawa suka zo suka same mu. Ku kuwa kowa ya san lokacin da kuka ƙetaro kogin Danub daga arewa, har Rumawan sun rubuta. Saurari harshena, Rabi, ba ya kama da na kowa a kewayen. Nasa kuwa ɗan'uwan na Rasha ne."

"Iliriyawa! Wa ya ji harshen Iliriyawa balle ya ce naku ne? Sunaye kawai suka bari a kan duwatsu. Akwai ma masu cewa daga can duwatsun Kaukasus aka kwaso ku."

"Masu cewa haka duk a gidan giyar garinku suke koyarwa."

Sai Zoran ya kwashe da dariya, ya tura masa kwalbar wani jajjagen tattasai da matarsa ke aiko masa, Besnik ya lakata ya shafa a burodi ya ce na mahaifiyarsa ya fi daɗi. Kusan shekara biyu ina kallon wannan. Wata rana na ba Anti Memuna labari muna cin shinkafa, ta ce:

"Ei, ashe su ma Turawa suna da shi! Kamar ƙabilun Farafara da Dagarti a wajenmu ke nan, su kan kare suke yi wa juna gori."

Muka yi dariya, na ƙara tabbatar wa kaina. Na san an taɓa yaƙi a ƙasarsu, na ji a rediyon Baba ina yarinya, amma a raina yaƙin ya shiga sahun labaran da.

Ranar da nake ba ki labari, bayan ƙaramar Sallah ce ta shekarar 2015, zafi kamar a gasa mutum. Zoran ya sake ɗauko zancen Kaukasus, Besnik bai amsa da wuri ba, ya gaji, tun safe wata mota ta lalace masa. Ni kuma ina cikin nishaɗi, don na yi waya da gida na ji muryarki. Sai na ga dama ta samu in shiga wasan sosai, ba tsayawa alƙalanci kawai ba. Niyyata in fara da Besnik in dawo kan Zoran, har na tanadi abin da zan ce masa a kan kogin da suka ƙetaro. Na gyara murya irin ta Kawu Buba, na ce da Turanci:

"Mista Besnik, ashe kai baƙo ne! To tattara kayanka ka koma inda ka fito, ka bar wa masu ƙasa ƙasarsu. Mista Zoran, ga bawanka nan, ka sallame shi."

Zoran ya yi dariyar nan guda ɗaya. Abin da ya biyo baya da sauri ya faru. Besnik ya miƙe, ya faɗi wata gajeriyar magana da Sabiyanci, Zoran ya amsa shi ma a gajarce, fuskarsa ta canza. Ban ga hannun ba, ƙarar kawai na ji. Zoran ya tafi da baya da kujerarsa, kansa ya bugi gefen teburin ƙarfe, jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Ma'ajin sito, wani Ba'indiye, ya fita yana ihu. Butar shayin ta suɓuce daga hannuna ta ƙona mini ƙafa, ban ma ji ba sai da yamma. Besnik kuwa ya durƙusa ya cire rigarsa ya danne wa Zoran ciwon da ita har motar asibiti da ta 'yan sanda suka iso.

Kafin a tashi aiki manaja ya kira ni ofis. Ma'ajin sito ya riga ya gaya masa abin da na ce, kalma da kalma. Bai ba ni wurin zama ba.

"Kin san dokar da aka fito da ita kwanan nan?"

Na ce ban sani ba. Ya ce duk wanda ya ci zarafin wani saboda addininsa ko asalinsa, ko ya hura wutar gaba tsakanin jama'a, ɗauri ne, ba na kwanaki ba, baƙo kuma in ya gama a kore shi. Ya ce na kira mutum bawa a gaban shaidu, na ce ya bar ƙasarsu, an zubar da jini a kai. Na ce masa wasa ne, a wajenmu haka ake yi. Ya dube ni kamar na yi magana da harshen aljanu.

"Ki zauna a gida har a neme ki. Fasfonki yana nan wajenmu."

Ban san yadda na kai Al Nahda ba. Duk tsawon hanyar nan ina ganin kamar kowa a motar da na shiga ya sani. Da na gaya wa Anti Memuna sai ta ɗora hannu a ka ta faɗi wata kalma da Tuwi, yaren Kumasi, sannan ta ce, "Magana ta zo, Rabi." Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Filat ɗin mutane da yawa ne, kowa ya fita aiki da safe sai a bar ni ni kaɗai. In lif ya tsaya a hawanmu sai in daina numfashi har in ji an buɗe wata ƙofar. Mai kawo ruwan sha ya ƙwanƙwasa wata rana, na shige banɗaki na kulle kaina. Abinci ya ƙi shiga. In na rufe ido ke nake gani kin girma, ana nuna ki ana cewa ga 'yar wadda aka ɗaure. Baba ya kira ni, na ce mura nake yi. Ina jin Kawu Buba daga nesa yana cewa a gaida masa 'yar bawansa, na kashe wayar na ce katin ne ya ƙare.

Alhaji Sani yana gari a lokacin, Anti Memuna ta sa na kira shi. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, ya ce:

"Ke kuwa 'yata, wa ya aike ki? Bature kike yi wa wasan Barebari? To saurara. Wa ya ɗauki muryarki? Babu. Ki ce shayi kike zubawa, ba ki ce komai ba. Maganarki da ta Ba'indiye ce. Ki tsaya a kan haka ko za a yanka ki."

Da na gaya wa Anti Memuna, ta daɗe tana ninke kaya kafin ta ce:

"In suka ɗora miki Alƙur'ani fa? Kuma mutum uku suka ji. Alhaji jirginsa zai hau ya tafi, ke za a bari da ƙaryar."

Sannan ta faɗi abin da ni ma nake ta juyawa a raina. Besnik shi ya yi duka, ba abin da zai rage masa laifi sai ya ce tsokanarsa aka yi, kuma ya faɗi wanda ya tsokane shi. Zoran ma gara masa a ce maganata ce ta jawo, ba dariyarsa ko zancensa na kullum ba. Kowannensu mafitarsa ta kaina ta bi. Na ce to ni zan je in ga Besnik, ko ba komai ya ji daga bakina abin da nake nufi. Ta ce Alhaji zai ce na haukace, zuwa wajensa amsa laifi ne. Na ce na sani. Ta ɗauko mayafinta ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba.

'Yan sanda sun saki Besnik bayan kamfani ya tsaya masa, yana gidan ma'aikata a unguwar Dubai Investments Park. Ranar Juma'a da la'asar muka same shi a wani ɗan shagon shayi a ƙasan ginin. Ya rame, bai aske gemu ba. Na gaishe shi ya amsa. Na fara bayani, na ba shi labarin Baba da Kawu Buba, da zaure, da kwano ɗaya, da gadon asibiti. Na ce wallahi girmamawa ce, a wajenmu ba ka yi wa mutum wannan wasan sai ka ɗauke shi naka, kuma saura kaɗan in juya kan Zoran. Ya bar ni har na ƙare. Sannan ya ce:

"Ina saurayi, wata safiya masu kaki suka buga mana ƙofa. Suka ce mu tattara kayanmu mu koma inda muka fito, ƙasar nan ba tamu ba ce. Kusan yadda kika faɗa, Rabi, har jerin kalmomin. Muka fita a ƙafa da mahaifiyata da ƙannena. A hanya aka ware maza manya gefe. Mahaifina yana cikinsu. Har yau ba mu da kabarin da za mu ziyarta."

Anti Memuna ba ta jin Turancinsa sosai, amma ta kama hannuna a ƙarƙashin tebur. Na ce to don me yake zama da Zoran kullum, yana cin abincinsa? Ya ce:

"Garinsu ma a Kosovo yake, ba nisa da namu. Da yaƙi ya ƙare muka dawo, su suka gudu. An ƙona gidansu, an farfasa kabarin kakarsa. Mutanenmu suka yi. Na sani, ya san na sani. Shi ya sa muke zancen Iliriyawa da kogin Danub. Waɗannan sun daɗe da mutuwa, ba wanda ya san fuskarsu, ana iya faɗa a kansu a ci abinci. In muka bar su, me ya rage mu yi magana a kai? Ke kika tsallako da mu zuwa jiya. Shi kuma ya yi dariya."

Can ya tambaye ni ko mutanen Baba da na Inna sun taɓa yaƙi da gaske. Na ce sun yi, an koya mana a makaranta, an ƙona birni ma, amma an yi wajen shekara ɗari biyu. Ya ɗan gyaɗa kai.

"Namu ko ashirin bai kai ba. Ki dawo bayan ɗari biyu ki yi mana wasan."

Ya biya kuɗin shayin ya tashi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma kunya ta hana ni tambayarsa abin da zai gaya wa hukuma. A hanyar komawa na yi ta kuka, kuma a karo na farko ba don kaina kaɗai ba. Na kira wayar Zoran sau da yawa a ranakun da suka biyo, ba a ɗauka ba.

Da aka neme ni, Usman ne ya zo ɗaukata da safe, wani Basudane da ke kai takardun kamfani ofisoshin gwamnati. Na zuba zane biyu da buroshi da hotonki a 'yar jaka, don ban san ko zan dawo ba. Anti Memuna ta ƙi tafiya aiki sai da ta raka ni bakin mota, ta tofa mini addu'a a ka. A hanya Usman ya gaya mini kamfani ya sallami Besnik, ko yaya shari'ar ta ƙare, ƙarshen wata zai bar ƙasar. Mutumin da ya rasa aikinsa saboda bakina, me zai sa ya rufa mini asiri? Na riga na yanke cewa in an tambaye ni zan faɗi abin da na ce yadda na faɗe shi, amma ina maimaita kalmomin a raina ina jin yadda za su fito a kunnen wanda bai san Kawu Buba ba, sai in sake komawa farko.

Ofishin 'yan sandan tsaf-tsaf yake, da sanyi da ƙamshi, wannan ma ya ƙara ba ni tsoro. A wani dogon benci na hango su. Zoran da bandeji a ƙeya, an aske masa gefen kai, Besnik a ɗaya ƙarshen, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu ba kowa. Na gaishe su, Zoran ya ɗaga mini yatsu biyu bai ɗago ido ba, Besnik ya kalli bango. Muka zauna nesa da su. An daɗe. Usman yana ta danna waya yana ce mini, "Shwaiya shwaiya, ya Rabi," wato a hankali, ni kuwa ina karanta duk abin da ya zo bakina, har na rasa ko Fatiha nake ko Ƙulhuwa. Aka kira su tare suka shiga, suka fito suka wuce ta gabana ba wanda ya dube ni. Sannan aka kira sunana.

Jami'in matashi ne, ba zai girme ni da yawa ba. Ya nuna mini kujera, ya duba na'urar da ke gabansa, ya tambaye ni da Turanci ko ni ce ke aiki a siton, ko ina ɗakin lokacin da abin ya faru. Na ce e. Na buɗe baki zan fara. Shi kuwa ya ci gaba da magana, rabi da ni rabi da Usman. Ya ce mutanen biyu sun ba da bayani iri ɗaya: saɓani ne a kan motar ɗaga kaya da ta lalace da safe, wannan ya ce wancan ne ya ja ta ba izini, magana ta yi zafi, aka ture juna, ƙafar kujera ta zame. Wanda ya ji ciwo ya janye ƙararsa, sun sa hannu a sulhu. Ya ce kamfani ya kawo wani zance na cewa akwai maganar ƙabila a ciki, an tambayi kowannensu shi kaɗai, kowanne ya ce bai ji wannan ba, yarinyar shayi kawai take zubawa.

Na juya na kalli Usman, ya ɗan runtse mini ido alamar in yi shiru. Jami'in ya tambaye ni ko ina da wani ƙorafi a kan wani. Na girgiza kai. Ya ce:

"Ba ma buƙatar shaidarki. Ba komai a kanki. Khalas, shi ke nan, ki tafi."

Ban tashi ba. Ina jin maganar, na gane ta, amma na ci gaba da zama. Sai da ya sake faɗa, Usman ya ɗauki jakata ya ce, "Yalla, ya Rabi, an gama," sannan na dafa tebur na miƙe. Bencin ba kowa da muka fito. A waje rana ta take, ana kiran sallar azahar a wani masallaci kusa. Na zauna a kan matakalar da ke bakin ƙofa, zafin dutsen yana ratsa zanena ban damu ba. Na ciro waya, sai da na yi kuskuren lamba, sannan na kira Anti Memuna. Bugu ɗaya ta ɗauka, ta ce, "Rabi? Rabi, yi magana mana!" Abin da ya fito kawai shi ne:

"Anti, in za ki ɗora tukunya, ki sa da ni."